Tsoro Ya Shigo Gida: Tarihin Finafinan Gidan Fatalwa

A shekarar 1963, masu kallo a gidajen silima na Amurka sun zuba ido ga wasu mata biyu da suka ƙanƙame juna a kan gado da tsakar dare. A wajen ɗakin wani abu yana dukan bango, yana bin ƙofofi ɗaya bayan ɗaya har ya iso tasu. Sai ya yi tsit. Can kuma sai mariƙin ƙofar ya fara juyawa a hankali. Fim ɗin shi ne The Haunting na Robert Wise, kuma har aka tashi daga kallonsa ba a nuna fuskar mai dukan bangon ba. Duk da haka, shekaru fiye da sittin bayan fitowarsa, yana cikin finafinan da ake fara ambata idan ana lissafin waɗanda suka fi tayar da tsikar jiki.

Hausawa kan ce tsoro na daji, kunya na gida. Fim ɗin gidan fatalwa wannan ƙa'ida yake rushewa. Gida shi ne inda mutum yake gudu ya fake idan duniya ta yi masa zafi, ya tura ƙyaure ya kwanta. Idan abin gudun yana cikin ɗakin da aka kulle, mafaka ta ƙare. Sai dai duk wanda ya taɓa kallon irin wannan fim ya san tambayar da ke zuwa a zuciya: me ya hana mutanen nan tattara komatsansu su bar gidan? Kowane zamani da amsar da ya bayar, kuma a cikin amsar ne ake gane ainihin abin da mutanen zamanin suke tsoro.

Labarin ya girmi silima. A 1764 wani bature ɗan Ingila, Horace Walpole, ya buga littafin The Castle of Otranto, inda wani basarake yake riƙe da fadar da kakansa ya ci da zalunci, alhakin ya biyo zuriyarsa. A 1839 Edgar Allan Poe na Amurka ya rubuta labarin gidan Usher, wanda tsagar da ke jikin bangonsa take tafiya tare da lalacewar iyalin da ke ciki, har gida da masu gida suka nutse a dare guda. Tun daga nan aka kafa tubalin: gida yana riƙe da abin da aka aikata a cikinsa, kuma magada ba sa iya barinsa domin shi ne sunansu da dukiyarsu.

Da majigi ya zo, bai ɗauki fatalwa da muhimmanci nan da nan ba. A 1896 Georges Méliès na Faransa ya yi wani ɗan gajeren fim na kimanin minti uku mai suna Le Manoir du diable, inda jemage yake rikiɗewa ya zama shaiɗan, ƙwarangwal ya bayyana ya ɓace. Siddabaru ne na ban mamaki da ban dariya. Masu shirya finafinai na Amurka kuwa sun daɗe suna ɗari-ɗari da nuna fatalwa ta gaskiya. A fim ɗin The Cat and the Canary na 1927, wanda Bajamushe Paul Leni ya ba da umarninsa, dangi sun taru a wani tsohon gida shekara ashirin bayan mutuwar mai shi domin a karanta wasiyya. Hannu mai farata yana fitowa daga bango, mutane suna ɓacewa, amma a ƙarshe sai ta bayyana cewa ɗaya daga cikin dangin ne yake son haukata magajiyar don gadon ya dawo hannunsa. Kwaɗayin gado ne ya zaunar da su, kuma dodon ɗan'uwa ne na jini. A Indiya ma, fim ɗin Mahal na 1949, wanda ya ɗaukaka sunan Madhubala, ya bi wannan hanya: macen da ake ɗauka fatalwa ce a tsohon gidan, ashe mai rai ce.

Canji ya zo a 1944 da fim ɗin The Uninvited. Wani mutum da ƙanwarsa sun sayi gida a bakin teku a yankin Cornwall na Ingila, a farashin da arharsa ta isa ta sa mai hankali ya yi tambaya. Da dare sukan ji kukan mace, ɗaki ya yi sanyi ƙalau, ƙamshin fure ya cika shi ba tare da fure ba. A wannan karon ba a kawo wani bayani na ɗan'adam a ƙarshe ba. Fatalwar ta gaske ce. Fim ɗin ya fito ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gidaje da yawa suke da mamacin da ba su ga gawarsa ba.

A cikin waɗannan shekaru ne aka ƙirƙiro dabarun da ake amfani da su har yau. Val Lewton, mai shirya finafinai masu ƙaramin jari a kamfanin RKO, ba shi da kuɗin ƙera dodanni, don haka ya koma ga duhu da sauti. A fim ɗinsa Cat People na 1942, wata mata tana tafiya ita kaɗai da dare, tana jin takun sawu a bayanta, sai takun ya ɗauke. Ana cikin wannan shiru sai wata ƙara mai kama da hucin damisa ta fasa kunne, ashe birkin motar bas ce. Daga nan aka fahimci cewa tsoro kashi biyu ne. Akwai firgita, wadda ƙara ko motsin ba-zata yake jawowa, ta wuce cikin daƙiƙa kaɗan. Akwai kuma fargaba, wadda jira yake haifarwa, ita ce mai bin mutum har makwancinsa. Robert Wise a hannun Lewton ya fara ba da umarni, kuma ya riƙe darasin: abin da ido bai gani ba, zuciya ce take zana shi, kuma kowa da siffar abin da ya fi tsoro yake zanawa. Rashin sani ya fi dare duhu.

The Haunting an ɗauko shi ne daga littafin Shirley Jackson na 1959. Wise ya yi amfani da wani gilashin kyamara mai faɗi wanda yake ɗan lanƙwasa hoto, har bangaye suka zama kamar suna sunkuyowa kan mutane. Amma ƙarfin fim ɗin yana ga Eleanor, matar da ta shafe shekara goma sha ɗaya tana jinyar mahaifiyarta. A daren da tsohuwar ta rasu ta buga bango tana kira, Eleanor ba ta amsa ba. Saboda haka mai kallo ba zai iya rantsewa ba ko dukan bangon daga gidan yake fitowa ko daga zuciyarta. Ita ba a tsare ta ba. Ba ta da wani wurin zuwa ne, a kujerar falon 'yar'uwarta take kwana. Tun a 1919 Sigmund Freud ya lura cewa a Jamusanci kalmar da ke nufin abin gida, wanda aka saba da shi, ita ce kuma take nufin abin da aka ɓoye, kuma daga ita aka samo kalmar abin da ke tayar da tsikar jiki. A ganinsa, irin wannan tsoro tsohon sani ne da aka binne ya sake tasowa.

A shekarun 1970 gidan fatalwa ya sauko daga kan tsauni ya shigo unguwar ma'aikata. A watan Nuwamba na 1974, a garin Amityville na jihar New York, wani saurayi ya harbe iyayensa da 'yan'uwansa huɗu a gidansu. Bayan shekara guda wasu ma'aurata suka sayi gidan a kan dala 80,000, suka bar shi bayan kwana 28 suna cewa aljanu sun kore su. Littafi ya fito a 1977, fim ya biyo baya a 1979. Daga baya lauyan wanda ya yi kisan ya ce tare da shi aka ƙaga labarin aljanun, kuma waɗanda suka zauna a gidan bayansu sun ce ba su ga komai ba. Hakan bai hana fim ɗin cin kasuwa ba. Stephen King, a littafinsa Danse Macabre na 1981, ya ce abin da ya taɓa masu kallo shi ne ganin iyali sun zuba duk abin da suka mallaka a gida, gidan kuma yana cinye su, a zamanin hauhawar farashi da tsadar mai. Wanda bashin gida ya ɗaure ba ya fita don ya ji motsi a rufi.

Finafinai biyu da suka biyo baya sun tono ƙasan ginin. A The Shining na Stanley Kubrick, 1980, wani marubuci da ya rasa aikinsa na koyarwa ya karɓi gadin wani otal a duwatsun Colorado, dusar ƙanƙara ta toshe hanya, kuma an gina otal ɗin a kan maƙabartar 'yan asalin ƙasar. Kyamara tana bin ɗan yaronsa a baya yana tuƙa kekensa a dogayen lunguna, mai kallo bai san abin da ke bayan kwana ba sai yaron ya karya ta. A ƙarshe wanda yake farautar iyalin da gatari mahaifinsu ne. A Poltergeist na 1982, kamfanin gine-gine ya kwashe duwatsun kaburbura ya bar gawawwakin a ƙasa, ya dasa sababbin gidaje a kansu, kuma uban gidan shi ne dillalin kamfanin. Matattu a nan masu bin bashi ne.

Daga nan kowa ya ƙara nasa. Ju-On na Takashi Shimizu, fim ɗin Japan na 2002, ya soke tambayar gaba ɗaya: duk wanda ya taka gidan da aka yi kisan, la'anar za ta bi shi ko ina ya tafi. Paranormal Activity na 2007, da aka ɗauka da kimanin dala 15,000 a gidan mai ba da umarnin, ya kafa kyamara a ɗakin kwana ya bar mai kallo yana laluben kowace kusurwa da idonsa, ya kuma tara fiye da dala miliyan 190.

Amsa mafi ɗaci ta zo a 2020, a fim ɗin His House na Remi Weekes. Miji da mata daga Sudan ta Kudu sun tsallake teku a kwale-kwale sun isa Ingila neman mafaka. Wunmi Mosaku, wadda aka haifa a Zariya, ita ta fito a matsayin matar. Hukuma ta ba su wani rubabben gida bisa sharaɗin kada su yi aiki, kada su sauya mazauni, in sun saɓa a mayar da su inda suka fito. Da dare muryoyi suna fitowa daga cikin bango, fuskokin waɗanda suka nutse a hanya suna leƙowa ta ramuka. Idan mijin ya je ya faɗa wa jami'ai gaskiyar abin da yake gani, za a ce ya kasa zama lafiya a ƙasar. Gidan kuma ba shi da wani tsohon mamaci nasa. Fatalwowin tare da su suka shigo, domin akwai abin da mijin ya aikata don su samu gurbi a motar tserewa, wanda matar ta kasa tunawa, shi kuma ya kasa furtawa.

A fim ɗin ba a kira wani mai korar aljanu ba, ba a kuma ƙona gidan ba. Ma'auratan sun amsa laifinsu, sun toshe ramukan bango, sun ce wa jami'an za su zauna. A hoton ƙarshe suna tsaye a ɗakin, matattun sun cika shi maƙil suna dubansu, su ma suna duban matattun.