Bahago da Allon Kwamfuta: Taƙaitaccen Tarihin Rubutu a Kan Gilashi

1.0 Gabatarwa

Masana sun ƙiyasta cewa kimanin mutum ɗaya cikin goma na jama'ar duniya bahago ne. Duk da haka, akasarin kayan rubutu mai amfani da hannun dama aka ƙera wa. Wannan maƙala za ta bi diddigin allon kwamfuta mai alƙalami, domin a ga yadda ya gaji wannan son kai, da kuma yadda aka yi ta rage shi sannu a hankali.

2.0 Tushen Matsalar

Rubutun boko daga hagu yake tafiya zuwa dama. Mai dama jan alƙalami yake yi, hannunsa yana gaba, tawada tana biye. Shi kuwa bahago tura alƙalamin yake yi, hannunsa yana bi ta kan ɗanyar tawada, yana shafe ta, yana kuma rufe abin da ya rubuta. A ajami al'amarin juyewa yake yi, domin almajiri mai dama shi ke tura alƙalami a kan allo. Watau dai wahalar ta danganta ne ga inda rubutu ya fuskanta da kuma kayan da aka riƙa, babu wani aibi ga hannun kansa.

3.0 Daga Waya Zuwa Aljihu

A shekarar 1888 Elisha Gray na Amurka ya yi rajistar wata na'ura mai aika rubutun hannu ta waya. A 1957 Tom Dimond ya nuna Stylator, wadda ke gane haruffa a lokacin da ake rubuta su, sa'an nan cibiyar RAND ta bayyana nata allon a 1964. Allon da ake iya ɗauka a hannu ya shiga kasuwa da GRiDPad a 1989. Newton na kamfanin Apple ya biyo baya a 1993, amma ya sha ba'a saboda yawan kuskuren karatu, aka daina yin sa a 1998.

Abin lura shi ne, waɗannan na'urori ba siffar harafi kaɗai suke dubawa ba. Suna bin sawun alƙalami: inda ya fara, inda ya nufa, da inda ya tsaya. To, bahagwai da yawa daga dama suke jan layin kwance zuwa hagu, kamar wajen gitta harafin t. A takarda mai karatu ba zai taɓa sanin haka ba, amma na'urar da aka horar da hannun masu dama tana iya rikicewa.

Palm Pilot na 1996 ya ɓullo wa abin ta wata hanya. Tsarinsa mai suna Graffiti ya tilasta wa kowa koyon sababbin siffofi, kusan kowane harafi da zane ɗaya, ana rubuta su ɗaya bisa ɗaya a wani ɗan fili a ƙasan allon. Da yake hannu ba ya tafiya a kan layi, babu abin da yake rufewa. Sai dai sandar jan shafi tana gefen dama, dole bahago ya gitta hannu ya tare abin da yake karantawa.

4.0 Shigar Bahago Cikin Lissafi

A watan Nuwamba na 2002 Microsoft ya fitar da Windows XP Tablet PC Edition, wanda ya ba mai amfani damar faɗin hannun da yake rubutu da shi. Idan ya zaɓi hagu, jerin umarni sai ya riƙa buɗewa a dama da alƙalami, inda hannu ba zai ɓoye shi ba. Haka kuma yawancin allunan wancan zamani alƙalaminsu kaɗai suke ji, ta hanyar maganaɗisu, saboda haka ɗora tafin hannu ba ya barin tabo.

Matsalar ta dawo da yaɗuwar gilashin da ke jin yatsa, musamman bayan fitowar iPad a 2010. Bahago ya rabu da shafe tawada, amma gefen hannunsa, wanda ke jan ƙasa a kan rubutu, ya zama alƙalami na biyu. Maganin da aka samu shi ne koya wa allo bambanta tsinin alƙalami da tafin hannu, kamar yadda aka gani a Surface Pro na 2013 da Apple Pencil na 2015.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, wannan tarihi ya nuna cewa sauƙi ya samu ne a duk lokacin da maƙeri ya daina ɗauka cewa hannu ɗaya ake rubutu da shi. Akwai darasi a nan ga malaman makaranta, musamman inda har yanzu ake tsawata wa yaro don ya riƙi alƙalami da hagu. Idan har ana iya gyara na'ura ta dace da bahago, gyara zaman takarda da kujera a aji ya fi sauƙi, ya kuma fi adalci bisa tilasta wa yaro sauya hannu.