Tuddan Gaɓar Kogin Misisifi da Sunayen da Faransawa Suka Raɗa Musu, 1682 zuwa 1763

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci sunayen da Faransawa suka bai wa tuddan gaɓar Misisifi da rassansa a Amurka ta Arewa. Ta nuna cewa sunan da ke siffanta tudun ya fi daɗewa a bakin mutane bisa wanda hukuma ta laƙaba, kuma wasu daga cikin masu daɗewar fassara ce ta sunayen 'yan asalin ƙasar.

1.0 Gabatarwa

Daga mahaɗarsa da kogin Ohayo zuwa teku, Misisifi yana ratsa fadama ce shimfiɗaɗɗiya, yana ta kwana-kwana, yana sauya hanya bayan manyan ambaliyoyi. Matuƙin kwale-kwale zai wuni yana tuƙi, dama kurmi, hagu kurmi, babu abin da ido zai riƙe. A wurare ƙalilan ne kogin ke gogar ƙasa mai tudu, galibi ta gabas: tuddan Chickasaw guda huɗu a yammacin Tennessee, sai Vicksburg, Natchez da Baton Rouge. Yawancinsu lallausar ƙasa ce da iska ta tara a ƙarshen zamanin ƙanƙara, wadda idan ruwa ya ci gindinta takan tsaya a miƙe kamar bangon ganuwa. Faransawan Luwiziyana sun kira irin wannan gaɓa écore. A nan ake sauka a kwana a busasshiyar ƙasa, daga nan ake hango jirgin da ke tafe, da su kuma ake lissafin tafiya.

2.0 Sunayen mutane da na sansani

A 1682 Bafaranshe La Salle ya gangara kogin har bakin teku. A tuddan Chickasaw wani mutuminsa mai gyaran bindigogi, Pierre Prudhomme, ya fita farauta ya ɓata a daji. Aka kafa ɗan sansani ana jiransa, aka sa wa sansanin sunansa, daga baya sunan ya bi tuddan: Écores à Prudhomme. Tudu na huɗu kuwa an san shi da Écore à Margot. A kansa Bienville ya gina sansanin Assomption a 1739 don yaƙar ƙabilar Chickasaw, aka watsar da shi a 1740. Yau birnin Memphis, wanda aka kafa a 1819, shi ke zaune a wurin, kuma duk sunayen nan sun koma cikin tsofaffin taswirori. Haka sansanin Rosalie da aka gina a 1716 a kan tudun Natchez: garin da ya tsiro a wurin bai ɗauki sunan sansanin ba, sai na ƙabilar da ta ƙone shi a 1729. A kogin Ouachita ma, Écore à Fabri ya zama Camden ta jihar Arkansas. Cape Girardeau na jihar Mizuri na cikin 'yan kaɗan da sunan mutum ya zauna musu.

3.0 Sunayen siffa

Nan ne labarin ya sha bamban. A 1699 Iberville yana haurawa daga teku ya iso tudu na farko da ya fi ƙarfin ambaliya. Ayarinsa suka ga wani turke a kafe, jajawur, alamar iyaka tsakanin filin farautar ƙabilar Houma da na Bayougoula. Suka ce le bâton rouge, wato jan sanda. Turken ya daɗe da ruɓewa, amma babban birnin Luwiziyana da shi ake kiransa har yanzu. Abin lura shi ne, Faransawa ba su ƙirƙiro alamar ba. Sun tarar da iyaka tsakanin al'ummomi biyu, suka faɗi abin da idonsu ya gani da harshensu.

Trempealeau a jihar Wisconsin ya fi fito da wannan fili. Tsauni ne da ruwa ya kewaye gindinsa, Faransawa suka kira shi la montagne qui trempe à l'eau, tsaunin da ke jiƙe cikin ruwa, kuma ma'anar da mutanen Ho-Chunk suka san shi da ita ke nan tun kafin zuwan Turawa. A kogin Arkansas, wanda La Harpe ya haura a 1722, dutse na farko da mai tasowa daga fadama ke cin karo da shi ya samu sunan La Petite Roche, ƙaramin dutse. Masu Ingilishi suka fassara shi kawai, ya zama Little Rock. Grand Ecore kusa da Natchitoches da Prairie du Rocher a Illinois, ko fassara su ba a yi ba.

Dalilin daɗewar sunayen siffa, a ganina, ba ɓoyayye ba ne. Sunan siffa kayan aiki ne: baƙon matuƙi da bai taɓa jin labarin Prudhomme ba zai gane babban tudu ko ƙaramin dutse da zarar ya hango shi. Shi ya sa bayan yarjejeniyar Paris ta 1763, da Faransa ta rasa yankin, fatake da masu jirage suka ci gaba da amfani da irin waɗannan sunaye. Ƙa'idar tana da togaciya, domin Écores Blancs, fararen tuddai da ke kudu da Natchez, sun koma Ellis Cliffs, da sunan wanda ya mallaki filin daga baya. Inda mai gona ya zauna a kan tudu, sunansa kan ture na mai jirgi.

Saboda haka kuskure ne a karanta taswirar Misisifi a ɗauka kowane suna na Faransanci shaidar ganowar Faransawa ne. Ya kamata masu nazarin sunayen wurare su bi kowanne su binciko abin da ƙabilun Choctaw, Chickasaw, Quapaw da Ho-Chunk ke kiran tudun tun da fari, su kuma rubuta shi kusa da na Faransancin.