Hanyoyin jiki 11 da suka koma 12

Kwanan baya innata, mai fama da hawan jini, ta dawo daga kasuwa da leda cike da ƙwayoyi. Wai wani mai na'ura ya ba ta ƙarfe ta riƙe minti ɗaya, kwamfuta ta ce "hanyar ƙodarta" ta toshe. Ta biya jikkunanta, ta aje maganin lokotoro. Shi ya sa na ce bari mu bi sawun hanyoyin nan har inda suka fito.

A maganin gargajiyar Shinuwa, ƙarfin rai da suke kira "ci" (ba cin tuwo ba) yana bin manyan hanyoyi 12 cikin jiki. In ɗaya ta toshe ciwo ya zo, sai a buɗe ta da allura, ko da motsa jiki da numfashi, wato cigon.

To amma ba da 12 aka fara ba. A 1973 aka buɗe wani kabari a Mawangdui, kusa da birnin Changsha, wanda aka rufe tun shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An binne mai shi da littattafansa, rubuce kan siliki. Biyu daga ciki sun lissafa hanyoyin jiki: 11 ne. Ba su haɗu sun yi zagaye ba, kuma babu zancen allura. Wurin ake gasawa da wuta, kusan irin lalas ɗinmu. A kabarin kuma aka samu zanen mutum 44, maza da mata, wannan ya duƙa, wancan ya miƙe hannu, an rubuta wa wasunsu ciwon da motsin ke magani. Kakan cigon ke nan.

Sai a littafin Huangdi Neijing, da aka haɗa bayan haka, hanyoyin suka cika 12, suka zama zagaye guda. Littafin da kansa ya jera su da watanni 12 da koguna 12 na ƙasar. Ku tuna daula ce ta magudanan ruwa da noman rani, inda toshewar kogi ke kawo ambaliya da yunwa. A ganina nan take: sun dubi ƙasarsu, sun zana jiki da kamarta. Bugun jijiya da yadda ciwo ke bin ƙafa ko hannu kam sun lura da su da gaske, ban raina musu ba.

A 1027 likitan fada Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum biyu na tagulla, tsawon mutum sosai, an huhhuda su a wuraren allura sama da 350. An ruwaito cewa ranar jarrabawa sai a cika gunkin da ruwa, a shafe shi da kakin zuma har ramukan su ɓace. Ɗalibi ya soka. In ya dace ruwa ya ɗigo, in ya kuskure allura ta ci karo da tagulla, kowa ya gani. Wallahi dabarar nan ta burge ni.

Su kansu Shinuwa sun sha juya wa abin baya. A 1822 sarki ya cire allura daga makarantar likitocin fada, a 1929 kuma saura ƙiris gwamnati ta soke maganin gargajiyar. Zamanin Mao, da ƙarancin lokotoro, aka farfaɗo da shi, lokacin ne Liu Guizhen ya yaɗa sunan cigon. Mu nan Nijar, tawagogin likitocinsu daga yankin Guangxi sun fara zuwa a 1976.

Har yau masu fiɗa ba su ga hanyoyin nan ba, ba da wuƙa ba, ba da madubin likita ba. A 2007 aka fitar da wani gwaji na Jamus kan mutum 1162 masu ciwon baya. Waɗanda aka soka bisa ƙa'ida, kusan 48 cikin 100 sun ji sauƙi. Waɗanda aka soka sama-sama, nesa da hanyoyin, 44. Masu maganin da aka saba, 27. Wato zaman allurar ya yi wani abu, amma layin bai tsinana komi ba. Balle ƙarfen kasuwa ya auna shi.

Inna dai mun mai da ta gidan likita. Da aka ɗaura mata awo, tansiyonta 18 ne. Ledar tana nan bisa kanta, ta hana a zubar, wai kuɗinta ne.