'Yar Ruwa a Tsofaffin Hotunan Ɗab'i

'Yar ruwa halitta ce ta almara: mace daga kai zuwa ƙugu, kifi daga ƙugu zuwa ƙasa. Tun kafin injin ɗab'i, masassaƙan Turai sun yi ta zana ta a majami'u, sau da yawa riƙe da madubi da mataji. Malaman coci sun ɗauki waɗannan kaya biyu alamar son ƙawa da jan namiji zuwa halaka, laifin da suka saba ɗora wa mata.

Fitacciya a littattafan farko ita ce Melusine. Jean d'Arras ya rubuta labarinta a Faransa wajen 1393, aka fassara wata sigar labarin zuwa Jamusanci a 1456, aka buga fassarar a Basel cikin shekarun 1470 da zane-zanen da aka sassaƙa a katako. Ta auri Raymondin bisa sharaɗin kada ya gan ta ranar Asabar. Ta kawo masa arziki, ta gina fadar Lusignan, ta haifa masa 'ya'ya maza goma. Ranar da ya leƙa ta ramin ƙofa ya ga wutsiyar maciji a cikin ruwan wanka, daga baya ya tona asirinta a gaban jama'a, sai ta tashi sama ta bar shi. Masu zane sun fi son nuna leƙen, alhali a labarin mijin ne ya karya alkawari.

A Yammacin Afirka wani hoto ne ya yi tasiri. Kamfanin Adolph Friedländer na Hamburg ya buga tallar wata mai wasa da macizai cikin shekarun 1880, mace mai yalwar baƙin gashi, maciji na naɗe da ita. Hoton bai nuna ƙafafunta ba, don haka mutanen gaɓar teku suka ce Mami Wata ce, 'yar ruwan da suke bauta wa. A 1955 wani kamfanin kalanda na Bombay ya sake buga shi, aka aika dubban kwafi zuwa Kumasi, kamar yadda binciken Henry John Drewal ya nuna. A ɗakunan bautar Mami Wata ana ajiye madubi da mataji da turare a matsayin kayan da take so. Mabiyanta sun yarda tana ba da dukiya da lafiya, amma tana neman riƙon amana, wani lokaci har da haƙura da haihuwa.