Fili da Zanen Gini: Daga Zamanin Fegi Zuwa Kwamfuta

Kakanninmu reluwe ce ta kawo su Minna. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Baro ta isa Kano a 1911, a nan garin kuma ta haɗu da wadda ta fito daga Ikko. Fatake da 'yan ƙwadago suka sauka a ƙasar Gwari, unguwanni irin su Limawa da Kwangila suka cika. A lokacin nan mai unguwa ne zai auna maka fili da taku, a kafa fegi, magini ya ja layi a ƙasa, shi ke nan an gama zane.

Abin da da yawanmu ba su sani ba shi ne, awon ƙasar Nijeriya kaf daga garin nan Turawan safiyo suka ɗauko shi. Akwai alamar da suka kafa mai suna L40, ita ce tushen ma'aunin da ake kira da sunan Minna, wanda a kansa aka yi tsofaffin taswirorin filaye.

Da Minna ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976, dokar mallakar filaye kuma ta biyo baya a 1978, sai fili ya koma takarda. Mai gini yana bukatar abu biyu: taswirar safiyo mai nuna duwatsun iyaka da lambobinsu, da zanen gidan kansa. A da kowanne da hannu ake yin sa, a ɗora wannan kan wancan a duba da ido.

Yau yaranmu da suka yi jami'ar fasaha ta garin nan, wadda aka buɗe a 1983, da AutoCAD suke zane. To, a nan gizo ke saƙa. Mai zanen gida daga sifili yake farawa, sau da yawa da milimita, babu ruwansa da ina ne arewa. Safiyo kuwa da mita yake aiki, lambobinsa na ƙasa ne. Dole sai an daidaita awon, an juya zanen, an zaunar da shi kan duwatsun iyaka aƙalla biyu. Sannan na'urar GPS ma'auninta daban ne da na Minna. In ba a mayar da lissafi ba, gida na iya gocewa fiye da tsawon fuloti guda, wato ƙafa 100. A kwamfuta ba ya ciwo, amma in an zuba bulo, katangarka ce a cikin filin maƙwabci ko kan titi, hukuma ta shafa mata jan fenti.

Shi ya sa dattawanmu masu tsofaffin takardu, kafin su raba gida ga magada ko su ɗora bene, gara a kira safiyo ya tono duwatsun nan tukuna, kafin a biya kuɗin zane.