Wa Ke Shan Hukunci? Nazarin Dokar Cancanta a Wasannin Ɗalibai Daga Amurka Zuwa Ƙasar Haɗeja

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta hukuncin da hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta riƙa yankewa kan ɗaliban da suka karɓi kyauta, da yadda ake aiwatar da dokar cancanta a wasannin manyan makarantun Nijeriya. Hujjarta ita ce, a ƙasashen biyu nauyin hukunci kan sauka ne a kan ɗan wasa, alhali riba makaranta ce ke kwashewa.

Abin da ya faru a Amurka

A 2010 NCAA ta samu ɗan wasa Reggie Bush na Jami'ar Kudancin Kalifoniya da laifin karɓar kuɗi da masauki, shi da iyayensa, daga masu neman zama dillalansa. An hana jami'ar wasannin ƙarshen kaka na shekara 2, aka rage mata guraben tallafin karatu 30, shi kuma ya mayar da kambin gwarzon ɗan wasa na Heisman da ya ci a 2005. Waɗanda suka rasa guraben kuwa yara ne da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Amma a 2017, da aka binciki Jami'ar Arewacin Karolina kan darussan bogi da 'yan wasa suka daɗe suna cin maki da su, hukumar ba ta hukunta ta ba, wai don sauran ɗalibai ma sun amfana. A 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta yi wa NCAA kaye a shari'ar Alston, aka kuma halatta wa ɗalibai cin kuɗin tallan sunansu. A 2024 aka mayar wa Bush kambinsa. Abin da ya zama laifi jiya ya koma sana'a yau.

Ƙasar Haɗeja

A nan matsalar ta sha bamban. Gasannin manyan makarantun Nijeriya, wato NUGA, NIPOGA da NICEGA, ba sa kawo kuɗin talabijin. Ɗalibi ɗan Malam Madori da ke buga ƙwallo a kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗeja, ko a Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa, abin da zai samu bai wuce kuɗin mota da takalmin ƙwallo daga wani uban ƙungiya ba. A al'adarmu wannan ihsani ne, kuma duk dokar da ta kira shi cin hanci ba za ta yi tasiri ba.

Cutar da ta fi damun wasannin matasa a Nijeriya ita ce sojan haya da rage shekaru. FIFA ta dakatar da Nijeriya daga gasar matasa a 1989 saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa. A 2016 yara 26 suka faɗi gwajin ƙashi na tantance shekarun 'yan ƙasa da shekara 17. Yaron ake kora, a bar babban da ya sa hannu a takardarsa, kuma yaro ba shi ke buga hatimi ba.

Saboda haka maƙalar na ba hukumomin wasannin makarantu na Jigawa shawarar a wajabta wa magatakardar kowace makaranta sa hannu kan jerin 'yan wasanta, in an kama na bogi hukunci ya fara ta kansa da daraktan wasanni kafin ya kai ga ɗalibi.