Yadda Tarka Ta Samu Majalisarta

Kwarin Tarka tsohon gulbi ne da ya daina gudu tun kafin kakanni. Daga Damargu ya taso, ya ratsa ƙasar Dakwaro, ya gangara ta Buza da Madawa, ya nufi gulbin Rima a Nijeriya. Can ƙasan kwarin albasa ake nomawa da rani. Nan kansa kuwa, inda ƙaramar hukumar Tarka take da mazauninta a Belbeji, gero ne da dabba, sai rijiyoyi masu zurfin da hannu ba ya iya musu, dole a ɗaura wa raƙumi ko sa igiyar guga ya ja. Hausawa da Abzinawa da Fulani suna shan ruwan wuri ɗaya, kuma kusan duk abin da majalisar wannan ƙasa ta taɓa zama a kansa, in ka bi diddigi, a bakin rijiya ko a gefen gona za ka tarar da tushensa.

Damargu ba baƙuwar hulɗa da duniya ba ce. A da ita ce rumbun Abzin, domin geronta ne ke hawa arewa a bayan raƙuman Abzinawan Kel Ewey, kuma ayarin da ke tasowa daga Tarabulus ya bi ta Gat da Abzin, nan yake yada zango kafin ya wuce Damagaram da Kano. Faransawa sun kama Zinder, wato Damagaram, a 1899, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai fataucin hamada ya fara mutuwa. Abin da ya maye gurbinsa shi ne mulkin kwamandan da sarkin kanto, da lanho da aikin tilas. Daga wannan zamani talakan Damargu ya san hukuma a matsayin mai zuwa karɓa, kuma sanin nan ya daɗe a zukata fiye da Faransawan kansu.

Samun 'yancin kai a 1960 bai kawo hukumar kusa ba. Gyaran mulki na 1964 ya bar ƙasar Tarka ƙarƙashin Tanut, daga baya aka buɗe ƙaramin ofishin mulki a Belbeji, amma kuɗi da sa hannu suna Tanut, umarni kuma daga Yamai. Akwai doka ɗaya ta wancan lokaci da har gobe take bin mutanen nan: dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, ta ce daga nan ya yi sama filin kiwo ne. Farin 1973 da na 1984 sun karkashe garke, makiyaya da yawa suka ɗauki hauya, manoman kudu da ƙasa ta yi musu kaɗan suka yi ta matsowa arewa. Layin yana nan a takarda, gonaki kuwa sun daɗe da tsallake shi.

Abin da mutane da dama suka manta shi ne, ƙananan hukumomin Nijar 'ya'yan sulhu ne. Tawayen Abzinawa na farkon shekarun 1990 ya zo da kukan cewa arewa ba ta da ta cewa a kan harkokinta, kuma yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995 ta ɗauki alkawarin sakar wa yankuna mara. An gwada zaɓe a watan Fabrairun 1999 zamanin Ibrahim Bare Mainasara, rigimar sakamako ta cinye shi, a watan Afrilu kuma aka kashe shugaban. Sai a watan Yunin 2002, ƙarƙashin Mamadu Tanja, aka fitar da dokokin da suka yanka ƙasar gida 265, daga ciki 213 na karkara. Tarka na cikinsu. Ranar 24 ga Yulin 2004 mutanenta suka jefa ƙuri'ar zaɓen kansiloli, kansilolin suka zauna suka fitar da magajin gari daga cikinsu.

Sabuwar majalisar ta tarar da masu gida. Sarkin kanto yana nan, shugabannin ƙungiyoyin makiyaya na Abzinawa da Fulani suna nan, kuma su ne tun fil azal ke tara haraji da raba gardamar gona. Doka ta yi dabara a nan: ta ba sarakuna kujera a zauren majalisa, su faɗi ra'ayinsu, amma ba su da ƙuri'a. Wanda ya san ƙauye ya san cewa dattijon da ba ya jefa ƙuri'a yana iya juya zaure duka da gyaran murya ɗaya. Duk da haka ni ina ganin tsarin ya yi daidai da wurin. Majalisar da ta ture rawani gefe ba za ta tara ko dala ba, rawanin da babu mai tambayarsa lissafi kuma an ga inda ya kai mutane a da.

A zamanin majalisar, zamanta na ƙa'ida sau huɗu ne a shekara. Muhawara da Hausa ake yi, wani ya sako Tamajik ko Fulatanci in abin ya taɓa shi, magatakarda kuma ya rubuta da Faransanci. Nan akwai rauni babba, domin kansilan da bai yi lakwal ba yakan ɗaga hannu a kan kasafin kuɗin da ba zai iya karanta shi ba. Yawancin ƙananan hukumomin karkara sun fara aiki ba ginin kansu, ba mota, ma'aikata kuma ba su cika hannu ɗaya ba.

Kuɗi shi ne ciwon da bai warke ba. A wancan lokaci harajin kai na karkara sefa 700 ne, wato dala 140, a kan kowane baligi, kuma ta hannun masu gari da shugabannin makiyaya yake shigowa. A shekarar da damina ta yi kyau yakan shigo da ɗan dama. A shekara irin 2005 ko 2010, da rumbu ya bushe, matasa suka bazama ci-rani Nijeriya da Libiya da Aljeriya, wane mai gari ne zai iya shiga gidan da ba a ɗora tukunya ba ya nemi lanho? Makiyayi kuma yana iya yin wata shida bai taka ƙasar da aka rubuta sunansa ba. Saboda haka idon magajin gari, lokacin da ake da shi, a kan kara yake, wato kasuwar dabbobi. Ranar kasuwa za ka ga mai tikiti tsaye a bakin shiga da ɗan littafinsa, yana yaga wa mai akuya, yana jayayya da dillalin raƙuma a kan ko an yi ciniki ko ba a yi ba, igiya a hannun mai saye, kuɗi a aljihun mai sayarwa, kowa na rantsuwa. Daga waɗannan 'yan takardu ake biyan albashin magatakarda. Abin da ya zube tsakanin bakin kara da asusun hukuma, shi ne ajin makarantar da ya ci gaba da zama rumfar zana. Gwamnati ta kafa hukumar tallafa wa ƙananan hukumomi da kuɗi a 2008, a 2016 kuma ta miƙa musu ragamar makarantun firamare da ƙananan asibitoci da ruwan sha da muhalli, amma nauyin ya riga kuɗin isowa. Rijiyar burtsatse da bankin cimaka galibi da hannun ƙungiyoyin agaji ake yin su.

Inda majalisar ta fi nuna amfaninta shi ne tsakanin hauya da sanda. Dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin ƙasa, waɗanda kowa ke kira kofo, tun daga gunduma har ƙauye, dokar kiwo ta 2010 kuma ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin yawo da dabbarsa. Aikin kofo a ƙasa ba shi da ado. Mai gona da ardo da wakilin sarki da ma'aikacin kiwo sukan fita tare, su bi burtali da ƙafa, dattijo ya nuna bishiyar da iyaka take tun yana yaro, mai gonar da ya ci hanya ya yi ta musu, a ƙarshe a kafa turakun siminti a sa hannu a takarda. Da kaka kuma a zauna a tsayar da ranar sakin gonaki, wadda kafin ta in dabba ta shiga hatsi akwai biyan ɓarna, bayan ta kuma kara na kowa ne. In ranar ta yi wuri, mai wake ya yi asara. In ta yi jinkiri, tabkunan arewa sun ƙafe, garke ya gangaro ko da izini ko babu. An ga jini ya zuba a wasu sassan Nijar a kan wannan 'yar tazara, shi ya sa nake ganin zaman tsayar da ranar nan ya fi kowane zama na shekara nauyi.

Siyasar Yamai ba ta taɓa barin majalisar ta yi dogon numfashi ba. Juyin mulkin Salu Jibo na 18 ga Fabrairun 2010 ya rushe majalisu, aka sake zaɓe a Janairun 2011. A shekarar nan ce aka ɗaga ofisoshin mulki 27 suka zama gundumomi, Belbeji ta fita daga ƙarƙashin Tanut, kuma gundumar tata ƙaramar hukuma ɗaya ce tak a cikinta, wato Tarka. Shugaban gunduma da gwamnati ta naɗa da magajin garin da jama'a suka zaɓa suka wayi gari suna mulkin ƙasa ɗaya daga gari ɗaya. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da 90,000 a cikinta. Wa'adin shekara biyar na kansilolin 2011 aka yi ta ƙara masa kwana har 13 ga Disamban 2020, lokacin dokar kason mata ta kai kashi 25 cikin ɗari na kujeru.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, gwamnatin Janar Abdurahamane Tiani ta rushe majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024, ta naɗa kantomomi, da yawansu masu kaki. Akwai masu cewa gwamma haka, kansiloli sun cika rigimar jam'iyya da neman tsige magajin gari, kuma ba ƙarya suka yi ba. Kantoma mai gaskiya yana iya tara harajin kara fiye da na baya, ya bayar da takardar haihuwa a kan lokaci. Abin da ba zai iya ba shi ne ya zama ɗan ƙauyen da mutanensa za su tare a bakin masallaci su tambaye shi labarin rijiyarsu, su kuma ƙi shi a zaɓe mai zuwa in ya gaza. Makiyayin arewacin Tarka da a da yake da nasa mutum a zaure, yanzu sai ya bi ta hannun shugaban ƙungiyarsa, shi kuma ya nemi ganin kantoma a Belbeji.